Bayan Masu Dubiya Sun Watse

Bahaushe ba ya wasa da dubiya. Da an ji wance ta kwanta, kafin la'asar gida ya cika: maƙwabta, dangi na kusa da na nesa, matan Islamiyya, abokan kasuwar 'ya'yanta, har da wanda rabonsa da gidan tun sunan wani jika. Tarbiyyar da muka tashi da ita ke nan, addini kuma ya ƙarfafa ta, domin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya sa duba marar lafiya cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa. Ba na fatan ganin ranar da za mu rabu da wannan ɗabi'a. Sai dai ciwon kakarmu ya nuna mini abin da ba a cika faɗa ba: duk yawan masu dubiya, da magariba watsewa suke yi, kuma a yawancin gidajenmu mace ɗaya ake bar wa tsohuwa har gari ya waye.

Kakar tamu mahaifiyar babanmu ce, Hajiya muke ce mata. A Malumfashi ta yi aure, a nan ta tsufa. Mace ce mai kazar-kazar, daddawa take yi ta sayarwa, kuma ita ce uwar adashin matan layinsu. 'Ya'yanta sun watsu neman abinci: Baffa Babba yana Kaduna, babanmu Kano, wani Legas, Goggo kuma tana aure a Maraɗi. Baffa Ƙarami kaɗai ya zauna gida yana noman masara da auduga, shi da matarsa da muke kira Inna, da 'yarsu ta fari wadda ta ci sunan Hajiya, kowa na ce mata Takwara.

Wata asubar hunturu a ƙarshen 2018 Hajiya ta fito alwala, buta ta suɓuce daga hannunta na dama. Inna ta same ta jingine da bango, baki ya karkace, tana son magana harshe ya ƙi. Aka shigar da ita ɗaki, aka yi tofi, aka shafa man zafi, aka shiga bugun waya ana jiran manya su yanke shawara. Sai bayan azahar aka kai ta asibitin garin, daga nan aka tura su Kano ta hanyar Dayi da Gwarzo don a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Shanyewar ɓarin jiki ce, tushenta kuma hawan jinin da ta daɗe da shi, wanda ba ta shan maganinsa sai ranar da kai ya sara mata. Haka tsofaffinmu da yawa suke yi, alhali hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna. Likita ya yi mana bayanin da ya kamata kowane gida ya riƙe: in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, mota za a nema nan take, a yi addu'ar a hanya. Allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya a cikin awa huɗu da rabi na farko take amfani, kuma ba a yin ta sai hoto ya nuna toshewa ce ba fashewa ba.

Tun a asibitin, Inna ce mai jinya. Ita ce mai kwana kan tabarma, mai bin layin magani, mai kawo ruwan zafi a filas. Wajen kuɗi 'ya'yan Hajiya maza sun yi rawar gani, ba zan rage musu ba, musamman a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun mutane yake fita. Amma ba wanda ya zaunar da Inna ya tambaye ta ko za ta iya. Ita ce a gida, shi ke nan magana ta ƙare. Da aka sallamo Hajiya ta dawo Malumfashi, ɓarin dama ba ya motsi, magana ta ɗan dawo amma da nauyi, sai dubiya ta ɓarke.

Duk wanda ya san gidan Hausawa ya san yadda abin yake. Ɗaki ciki ɗaya, gado a lungu, mutane a zube har bakin ƙofa. "Sannu Hajiya, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ce." Kowa ya shigo sai ta yunƙura ta amsa, don ba ta saba a gaishe ta ta yi shiru ba. Wanda ya zo daga nesa dole a sa masa abinci, saboda haka tukunyar rana ta ninka, mai dafa ta kuwa ita ce ta kwana ido biyu. Kayan dubiya suka taru a gindin gado: Maltina, Bournvita, madarar gwangwani, lemo da ayaba, galibi abin da yara ne za su sha. A daidai lokacin famfas ɗin manya ya ƙare, omo ya ƙare, ledar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin zanin gado ta yage. Kowa kuma da maganin da ya zo da shi. Wannan ta kawo sassaƙe, wancan ya san wani mai magani a ƙauye, wata ta rantse iska ce ta shafe ta, a daina ba ta ƙwayar bature. Inna suruka ce, ba ta da bakin da za ta ce wa dangin miji a'a, sai dai ta karɓa ta yi godiya, ta tura ƙarƙashin gado.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru wata ranar Asabar. Abokan Baffa Babba ne suka zo mota guda, dattawa masu mutunci, suka zauna a ɗakin hira ta yi daɗi, daga farashin taki aka koma siyasa. Ina kallon Hajiya tana gumi cikin sanyin nan, tana murza bakin zani da hannun hagu, tana satar kallon ƙofa. Inna tana tsaye a waje da fo a ɓoye cikin mayafi, ta gane abin da ake ciki, amma ta yaya za ta ce wa baƙin yayan mijinta su tashi? Kafin su yi sallama abin da ake gudu ya faru. Da suka fita Hajiya ta juya fuska bango tana hawaye, matar da ko ranar rasuwar mijinta ba a ga kukanta a cikin mutane ba. Daga ranar ta daina shan ruwa da rana. Ba ta faɗa wa kowa dalili ba, kofi kawai take turewa, har sai da ciwon mafitsara ya kama ta aka sake komawa asibiti. Mutanen nan da zuciya ɗaya suka zo, ladan zumunci suke nema, kuma ina fatan sun samu. Amma zaman da suka tsawaita ya jawo wa tsohuwa abin da ba su sani ba har yau. Ba banza malamai suka sa taƙaita zama cikin ladubban dubiya ba.

Da dare kuwa aikin na gaske yake farawa. Wanda ba ya iya juyawa da kansa sai an juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba fatar da ke kan ƙashin ƙugu da ɗuwawu da diddige ta mutu, gyambon kwanciya ya fito, shi kuwa in ya zurfafa ya fi ciwon farko wahalar magani. Inna takan tashi ta kunna tocila, ta durƙusa a gefen gado, ta sa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗa ɗaya ƙarƙashin ƙugu, Takwara ta riƙe ƙafafu, su juya ta a hankali, su tokare bayanta da filo, su shafa man kaɗanya inda ya yi ja. In ta ɓata jiki a dafa ruwa a gyara ta, a sauya zani, a jiƙa na dattin a baho kafin safe. Abinci ma ba a ɗura mata. Sai an zaunar da ita sosai, a ba ta kunu mai kauri da ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye, don mai irin wannan ciwo yana saurin ƙwarewa, abin da ya sauka huhu kuma ciwon huhu yake zama. Miyarta daban ake yi, ba kanwa, gishiri da dunƙule kaɗan. Da asuba Inna ta miƙa mata dutsen taimama, ta daidaita ta wajen alƙibla, ta tsaya kusa tana tuna mata raka'a in ta rikice. Sannan ta fita ta hura wutar koko, domin nan da hantsi masu dubiya za su fara sallama. Takwara tana aji ɗaya a babbar sakandare a lokacin. Da farko latti take yi, daga baya ta daina zuwa gaba ɗaya, ba kuma wanda ya ce ta daina.

Goggo ce ta fasa ƙwan. Da ƙaramar sallar 2019, kowa ya hallara, ta tara 'yan'uwanta a zaure bayan isha'i. Mu jikoki manya muna rakuɓe daga gefe.

"Yaya, tun da Hajiya ta kwanta, wa ya taɓa kwana a ɗakinta a cikinku?"

Baffa Babba ya ce ai kowa na iya bakin ƙoƙarinsa, kuma ba abin da aka nema aka rasa.

"Kuɗi kam kun bayar, Allah ya saka da alheri. Amma uwarmu ce, ba uwar yarinyar nan ba. Tata uwar tana can Bakori ba lafiya, ko kwana biyu ba ta samu ta yi mata ba. Takwara kuma zango guda ke nan ba ta leƙa makaranta ba. Ni ma ban cire kaina ba, ina zuwa in yi kwana uku in koma. Mu ji tsoron Allah."

An yi shiru mai tsawo. Gaskiya ta faɗa, kuma addini yana bayanta. Ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i, waɗanda suka yi maganar iyaye in tsufa ya cim musu, da 'ya'ya suke magana. Malamai da dama sun bayyana cewa hidimar iyayen miji ba wajibi ba ce a kan matar ɗa, kyautatawa ce da za a gode mata a kanta. Mu kuwa mun juya abin: wanda aka ɗora wa wajibi ya tura kuɗi ta waya ya ji ya sauke, wadda take yi don Allah in ta gaza kwana ɗaya a ce ba ta da kirki. Ina ganin wannan zalunci ne da ya daɗe a gidajenmu har muka daina ganinsa, saboda wadda ake yi wa shi kunya ba ta barin ta buɗe baki.

A daren aka tsara abin da ya kamata a tsara tun farko. Kowane gida zai riƙa turo mai kwana na mako guda, 'ya'ya mata da jikoki a gaba, surukai sai wadda ta ce tana so. Goggo ta ɗauki wata-wata. Aka sa karo-karo na ƙarshen wata da littafinsa, aka ɗauki wata bazawara maƙwabciya aikin wanki da shara. Takwara ta koma makaranta, ko da yake sai da ta maimaita aji. Dubiya kuma aka mayar da ita tsakanin la'asar da magariba, maza su gaisa su koma zaure. Wannan na ƙarshe shi ya fi jawo ƙorafi. "Sai ka ce asibiti? A ce an sa wa zumunci lokaci?" Ɗaukar mai aiki ma wasu sun ga abin kunya ne, za a ce 'ya'yanta sun kasa. Baffa Babba, da yake shi ne aka fi faɗa wa magana a zauren, shi ya tsaya ya tare surutun, kuma na daraja shi a kan haka. Tsarin bai tafi sumul ba. Akwai wanda makonsa ke zuwa ya aiko da uzuri da kuɗi, nauyin ya sake faɗowa kan Inna. Duk da haka ta samu ta je Bakori ta yi jinyar mahaifiyarta, ta kuma san barcin dare bayan wata shida.

Maza ma suka gane akwai abin da za su yi da hannunsu. Baffa Ƙarami yakan ɗauko Hajiya cak da hantsi ya zaunar da ita a rana. Babanmu ya koyi miƙe hannu da ƙafa daga ma'aikacin gashin ƙashi, duk zuwansa sai ya buɗe mata yatsun da ke son dunƙulewa ɗaya bayan ɗaya, ya yanke mata farce. Na ga Baffa Babba, da furfurarsa da babbar rigarsa, ya ɗauki fo ya nufi bayan gida. Hajiya ba ta faɗin sunansa don alkunyar ɗan fari, "na Kaduna" take cewa. Ranar ta bi shi da ido har ya ɓace, ta ce, "Allah ya yi maka albarka," a fili, abin da kunya ba ta taɓa barinta ta faɗa masa a gaban mutane ba.

Da ɗakin ya rage cunkoso sai muka fara gane irin dubiyar da take ƙara mata lafiya. Akwai wata tsohuwar ƙawarta, maƙwabciya, da ke zuwa da ƙwaryar kalwa. Sau ɗaya take cewa ya jiki, sai ta zauna a ƙasa tana tsince tsakuwa tana ba ta labarin gari: nawa tiya ta kai ranar kasuwa, 'yar wa aka sa wa rana, wa ta ƙi zubin adashi. Sai ta ɗebo kalwar ta zuba mata a tafin hagu. "Duba mini wannan, na ga kamar an cuce ni." Hajiya ta murza, ta kai hanci, ta ce da harshenta mai nauyi, "Ta bara ce." Ranar da matar nan ta zo, Hajiya takan cinye tuwonta. Haka in jikoki maza suka shigo da wasan kaka da jika. "Ina matar tawa? Yau ma ba a yi mini girki ba?" Ita kuma ta miƙa hannu tana neman kuɗin cefane, ta harari Takwara ta ce kishiya ce ta hana. Da aka tashi auren wata jikarta aka kawo mata kayan lefe har gado ta duba, ta ce a ƙara atamfa. Waɗannan sun ɗauke ta a matsayin da take da shi tun da, mai ra'ayi, mai sanin kalwa, mai tsokana. Wasu kuwa a kanta za su tsaya suna tambayar Inna, "Tana gane mutane kuwa? Tana cin abinci?" kamar ba ta wurin. Wata rana ta gaji ta ce wa wata, "Ina ji fa."

Kada a ɗauka ina cewa dubiya ba ta da amfani in ba ta zo da aiki ba. Shekarar 2020 ta nuna mana nauyinta. Da korona ta shigo aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a ɗage ba sai 1 ga Yuli, iyakar Nijar kuma a rufe. Na Kano da na Kaduna ba hanya, Goggo tana Maraɗi tana kuka a waya. Gidan ya yi tsit. Magani yana nan, abinci yana nan, ana juya ta a kan lokaci, amma Hajiya ta rame. Kullum da la'asar sai ta tambaya, "Yau ba wanda ya zo?" An gwada nuna mata fuskokinmu a waya, ta kalla ta kau da kai, ta ce ita ba ta gane mutum a cikin gilashi. Ashe zumunta a ƙafa take, ko ga wanda ƙafarsa ta daina takawa. Tsohuwa tana bukatar masu zuwa kamar yadda take bukatar mai kwana, matsalarmu dai mun iya na farkon ƙwarai, na biyun kuma mun bar shi ga wanda tsautsayi ya faɗa wa.

Abin da ke damuna shi ne gidajen da ake samun irin Inna suna ƙarewa. Gandu ya watse, 'ya'ya suna haya a birane, mata suna fita aiki da karatu, kuma haƙƙinsu ne. Kai tsoho gidan gajiyayyu abin kunya ne a wurinmu, ni ma ba na goyon bayansa in da yadda za a yi. A ɓangaren hukuma an fara motsi: an buɗe cibiyar farko ta kula da lafiyar tsofaffi a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2012, dokar 2017 ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusu don masu rauni, har da tsofaffi. Matakai ne masu kyau. Amma ko sun bunƙasa har sun kai kowane ƙauye, wanda zai tashi ƙarfe biyun dare ya juya tsohuwa daga cikin gida zai fito. Gara 'yan'uwa su zauna su raba wannan aiki a makon farko, da sunan kowa da ranarsa, tun kafin bayan wata ya ƙage, tun kafin wata yarinya ta rasa shekarar karatu.

Hajiya kuwa tana ganin komai daga kan gadonta. Bayan an buɗe hanyoyi, mutane sun dawo, ta sa aka kira mata limamin unguwa da wani dattijo maƙwabci, ta sa 'ya'yanta suka zauna. Da ƙyar kalmomin ke fita, amma ba wanda bai ji ba. Ta ce ƙaramar gonarta ta bakin rafi, wadda ta saya da kuɗin daddawa, wasiyya ce ga Inna. Suruka ba ta cikin magada, shari'a kuwa ta ba mutum damar yin wasiyya ga wanda ba magaji ba matuƙar ba ta wuce sulusin dukiya ba, liman ya tabbatar gonar ba ta kai ba. Inna ta rufe fuska da mayafi ta fice daga ɗakin.

Allah ya yi wa Hajiya rasuwa a farkon 2021, da daddare, Goggo na riƙe da kanta, Inna na lanƙaya mata kalmar shahada. A zaman makoki masu ta'aziyya suka yi ta yaba wa 'ya'yanta maza, an riƙe uwa yadda ya kamata, Allah ya ba da lada. Da aka zo rabon gado an samu wanda ya ɗan yi gunaguni a kan gonar, ya ce ai matar ɗa ce, abin da ta yi kowa zai yi. Baffa Babba ya tambaye shi dare nawa ya kwana a ɗakin, maganar ta mutu a nan. Aka fitar da wasiyya, aka raba sauran bisa ƙa'ida. Inna har yanzu tana fama da ciwon baya, karo-karon ƙarshen wata bai tsaya ba, maganinta ake saya da shi. Da kuɗin masarar da ta fara nomawa a gonar ta biya wa Takwara jarrabawar NECO a 2022, shekara guda bayan sa'o'inta sun zana tasu.